Ranar da Aka Auna Basirar Inna Almakashi

Matso da kujerarka nan ka zauna. Ke ma kife wayar nan a cinya, ki ara mini kunnenki na ɗan lokaci. Labarin wata mata ne, kuma in kun ji murya ta hau sama a tsakiya, ba da ku ake ba. Abin da aka yi mata ne ba ya faɗuwa da sanyin murya.

Inna Almakashi ake ce mata. Sunanta na gaskiya yana can cikin fayil a ofis, amma ko ita in aka kira ta da shi sai ta waiga ta ga da wa ake. Gajeriya ce mai jiki, da tabarau rataye a wuya da igiyar takalmi, da wani baƙin kanta a gindin babban yatsanta na dama, inda almakashi ya yi shekara ashirin da shida yana zama. Aikinta yankan yadi a wani kamfanin ɗinka jakunkunan makaranta, dogon gini mai rufin kwano a bayan layin masu gyaran mota. In ka shiga, ƙarar keken ɗinki arba'in ce za ta fara yi maka maraba. Ka ratsa ta tsakaninsu har ƙurya, gindin babbar taga, nan za ka tarar da teburin samfuri. A kansa ake haihuwar kowace sabuwar jaka: a zana ta, a fitar da sassanta a kwali, a jera kwalayen a kan yadi, a yanka ta farko. Teburin Inna ke nan. Ba wanda ya taɓa rubuta haka a takarda, amma ko kofin shayi ba mai ajiyewa a kansa.

Da tsintsiya ta shigo kamfanin, tana 'yar shekara goma sha tara. Shara aka ɗauke ta yi, sai dai ta kasa. Guntayen yadin da masu yanka ke zubarwa ne suka hana ta sakat. Ta share, ta kai bakin kwando, sai hannu ya ƙi saki. Ta riƙa ɓoye su a ƙarƙashin matakala, ja daban, shuɗi daban, har ranar da Babban Oga, mai kamfanin, ya ci karo da tarin. Ya kira ta da niyyar kora, sai ta miƙa masa wata 'yar jakar fensir da ta haɗa da guntaye bakwai da ragowar zif. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya buɗe, ya rufe. Can ya ce, "Ajiye tsintsiyar nan." Tun daga shekarar, kowace jakar kamfanin da 'yar jakar fensir a cikinta take fita, kuma ko masu shago sun san saboda ita yara ke birgima a ƙasa sai an saya musu.

Ga sirrin aikinta, ku riƙe shi da kyau, don a kansa komai zai faru. Kowane mai yanka abin da zai yanka yake kallo. Ita abin da zai rage take kallo. In ta ɗora kwalin bayan jaka da na gefe a kan yadi, idonta ba ya kansu, yana kan filin da ke tsakaninsu. Wannan lungun aljihu ne. Wancan siririn maɗauri ne. Wannan mai kama da kunnen kyanwa, a ninke shi ya zama abin jan zif. Yadin da wani zai fitar da jaka talatin, ita sai ta fitar da talatin da huɗu, da jakar fensir ɗin kowacce, abin da zai rage bai cika tafin hannu biyu ba.

Har gida ciwon ya bi ta. Mijinta, wanda kowa ke kira Direba duk da ya shekara biyar da ajiye tuƙin bas, yakan ce wa baƙi, "Ni da ido ɗaya nake barci a gidan nan. In na bar fili tsakanina da bango, sai in farka in tarar an cusa akwati a wurin."

Ita kuma takan ce, "Gode wa Allah ba yadi ba ne kai. Da tuni na fitar da mutum biyu daga tumbin nan."

Shekaru suka ja, ciwon ƙafa ya zaunar da Babban Oga, ya miƙa wa ɗansa kamfani. Ƙaramin Oga ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Ya dai dawo daga karatu da kalmomi cike da baki, kuma wadda ta fi yi masa daɗin furtawa ita ce ƙirƙira. Kamfani na bukatar ƙirƙira. Jakunkunanmu sun tsufa, babu ƙirƙira. Kuma, in ji shi, yaya za a ƙara abin da ba a san yawansa ba? Sai an auna.

Wata Litinin ya shigo da wani dogon mutum cikin kwat mai ɗamewa, da agogo rataye a ƙirji irin na alƙalin wasa. Kafin a tashi cin abincin rana masu keke sun raɗa masa suna Mai Agogo. Aka tara mutum goma sha biyu a ɗakin cin abinci, masu yanka da shugabannin layi da 'yan ofis, aka ba kowa fensir da takarda guda. A jikin takardar da'ira talatin ne, biyar a kwance, shida a tsaye.

"Minti uku gare ku," in ji Mai Agogo. "Kowace da'ira ku mayar da ita wani abu. Rana, ƙwallo, fuska, duk abin da ya faɗo muku. Kada ku tsaya dogon tunani. Yawan da kuka cika shi ne ma'aunin basirarku. Mu je!"

Fensira suka hau kuka a kan takarda. Inna ta ɗora tabarau, ta kalli tata, nan take ranta ya ɓaci. Wane marar tausayi ne ya jera da'irorin nan haka? Kowace huɗu sun bar fili a tsakiyarsu, mai ƙaho huɗu kamar tauraro, har guda ashirin. Ga gefe an bar shi fayau kamar titi. Hannunta ya yi abin da ya saba. Ta sa fensir a fili na farko, ta mai da shi facin ƙarfafa kusurwar jaka. Na biyu ta tsaga shi biyu, ya ba ta abin jan zif guda biyu. Na uku da na huɗu ta ja kibiya ta nuna in aka haɗa su baki da baki za su zama 'yar jakar abin fiƙe fensir. A gefe ta fitar da dogayen maɗaurai biyu. A ƙasa kuma ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa in aka zame layi na biyu ya shige cikin na farko, takardar za ta ɗauki ƙarin da'ira huɗu. Tana ɗiga aya Mai Agogo ya danna agogonsa. Ta miƙa takarda tana jin daɗin kanta.

Ba ta taɓa da'ira ko ɗaya ba.

Ranar Laraba aka manna sakamako a allon sanarwa, daidai bakin ƙofa inda kowa zai wuce. A sama akwai Ɗan Talla, mai yawon kai jakunkuna shaguna, wanda bakinsa ba ya hutawa: talatin cif. A can ƙasa kuma Inna ce. 'Yar Zif, aminiyarta ta shekara ashirin, wadda ke ɗinka wa jakar fensir zif, ta je ta tsaya a gaban allon tana gyara ɗankwali kamar madubi ne a wurin.

"Kauce," in ji Inna.

"Yaya, ba komai ba ne, shirmen 'yan ofis ne kawai."

"Na ce kauce."

Ta kauce. Sifili ne, an zagaye shi da jan biro.

Ba ta ƙwanƙwasa ƙofar ofis ba, da kafaɗa ta tura ta. Ƙaramin Oga da Mai Agogo suna zaune suna shan shayi.

"Inna, sannu da zuwa, zauna mana," in ji Ƙaramin Oga.

"Ban zo zama ba. Wa ya rubuta sifili a gaban sunana?"

Mai Agogo ya yi murmushin masu lallashin marar lafiya. "Mama, ba zagi ba ne, awo ne. Da'ira talatin aka ba ki, kin bar su yadda suke."

"Ka duba tsakaninsu?"

"Na ga 'yan zane-zane, amma tsakani ba ya cikin awo."

"Ba ya cikin awo!" Ta buga tebur har cokali ya yi tsalle daga kofi. "Ɗan nan, ka san inda ka shigo kuwa? Rufin da ke kanka tsakani ne ya ɗora shi. Kujerar da ka harɗe a kai tsakani ne ya kawo ta. Shekara ashirin da shida ina ciyar da gidan nan da abin da mutane ke zubarwa, sai kai da ko allura ba ka taɓa zura wa zare ba ka zo da agogon 'yan ƙwallo ka ce kaina wayam ne?" Ta juya ga Ƙaramin Oga. "Kai kuma, da nake share maka majina a ƙarƙashin teburin can da guntun yadi, ka bari a rataye ni a bakin ƙofa kamar tsumma?"

Ƙaramin Oga ya sunkuyar da kai yana juya biro. Amma abin da ya riga ya yanke bai sauya ba. Mutum ukun da suka fi maki su za su karɓi teburin samfuri daga gobe. Inna za ta koma sito ta riƙa ba da zif da zare. Mai Agogo zai horar da kowa Asabar huɗu, sannan a sake gwaji. Duk wanda ya haura ashirin da biyar yana da hurumin tebur.

"In ban haura ba fa?"

"Sito ma aiki ne, Inna."

Ta fita. Ta je teburinta ta ɗauki almakashinta, don nata ne, ba na kamfani ba. Ta naɗe shi a ƙyalle ta jefa a jaka. Keke arba'in suka yi tsit har ta wuce.

A gida tukwane ne suka sha wuya. Direba yana zaune a baranda yana jin kowace na faɗa wa 'yar'uwarta. Da ya ji labarin sai ya riƙe baki. "Sifili? Ni da na faɗi gwajin tuƙi sau biyu ban taɓa kawo wa gidan nan sifili ba."

"Malam, in kana son cin abinci yau, ka bar ni."

"Na bar ki. Amma za ki je horon nasu?"

"In je in koyi me? Yadda ake zana ƙwallo?"

Ta je dai, don an ce dole ne. Asabar ta farko Mai Agogo ya tsayar da su da'ira, ya ɗaga cokali, ya ce duk wanda aka jefa wa ƙwallo ya faɗi abin da za a iya yi da cokali. Ɗan Talla ya ce madubi, ya ce ganga, ya ce jirgin ruwan tururuwa, aka tafa masa. Ƙwallo ta faɗo hannun Inna.

"A ci abinci," ta ce.

"Sai kuma me, Mama?"

"A wanke."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Mai Agogo ya ce, "Saki jikinki, Mama. A nan babu amsar banza."

"Akwai," in ji Inna. "Tun safe nake jin su."

Da a nan abin ya tsaya, da ta zauna a sitonta har ta tsufa, ta bar su da cokalinsu. Amma ƙofar sito tana kallon hanyar da ake bi da shara. A da, buhu ɗaya na guntaye ke fita a mako, shi ma bai cika ba. Mako na biyu da barinta tebur ta ƙirga biyar, cike har wuya. Ɗan Talla ya zana sabuwar jaka, zagayayya kamar ƙwallo, kuma wallahi a takarda ta yi kyau, ba za a hana shi wannan ba. Inna ta tare tsohon da ke fitar da buhunan, ta kwance bakin ɗaya, ta zura hannu. Ta zaro wani guntu ta ɗaga shi a haske. Sabon yadi ne fil, da ƙamshin shagonsa, faɗin tafin hannu biyu, mai ƙaho huɗu kamar tauraro. Sun jera da'irorinsu a kan yadi sak yadda suke a takardar gwaji. Buhun cike yake da tsakani.

'Yar Zif ta leƙo, hannu a ƙugu. "Ai ba ki ji komai ba, Yaya. An dakatar da jakar fensir. Kwana uku ke nan ina zaune ina kallon kekena. Wai babu yadinta."

"Babu yadinta? Ga yadinta nan ana kai wa bola!"

Ta ɗauki guntun ta kai wa Ƙaramin Oga. Ya kalla, ya shafa ƙeya, ya ce ya gani, amma tsari tsari ne, in ya karya shi a kanta kowa ma zai zo. Ta jira gwaji. Saura mako biyu.

Ta fito ta tarar da Mai Agogo yana shirin shiga mota. Ta tsaya a gabansa. "Ɗan nan, faɗa mini tsakani da Allah, me kake ƙirgawa a takardar nan?"

"Da'irorin da aka cika, Mama, muddin ba a maimaita abu ɗaya ba."

"Ko da abin ba zai amfani kowa ba?"

"Amfani ba ya cikin awo."

"Ko da ba daga kaina ya fito ba?"

Ya yi dariya. "To daga ina zai fito?"

Ta juya ta tafi. Da yamma ta dire wa Direba kofin shayi da ƙarfi har ya fantsama, ta ajiye tarin tsofaffin takardu da murfin kwalba. "Zana mini da'ira talatin talatin. Kuma ka faɗo mini duk wani abu zagayayye da ka sani."

Direba ya gyara zama kamar an ba shi sabuwar mota. "Yau ake yinta! Rubuta. Taya. Sitiyari. Fitilar gaba. Agogon gudu. Murfin tankin mai. Madubin gefe. Hon."

"Kai ba ka san komai ba sai bas?"

"Shekara talatin ina cikinta, me kike so in sani, jirgin sama? To ƙara da kwanon da kike buga mini, da faranti, da murfin tukunya, da idonki in kin harare ni."

Suka haɗa talatin. Goma sha bakwai daga jikin bas, sauran daga kicin da kan titi. Direba ya jera su kamar tashoshi, ya riƙa kiran su da muryar kwandasta, waya a hannu tana ƙirga lokaci. "Taya, akwai mai sauka? Sitiyari! Fitila, a matsa ciki!" Hannun da ya saba da alli ba ya jin wuyar fensir. Abin da ya ba ta wuya idonta ne. Tana cikin zana taya sai ya sulale ya faɗa tsakani, ta tsaya tana kallon ƙaho huɗun nan, lokaci na tafiya.

"Kin sake sauka a hanya," in ji Direba. "Ba tasha ba ce nan!"

Ta yi tsaki, ta yaga takardar, ta ɗauki wata. Kullum in ta dawo aiki haka suke yi har rana ta faɗi, tana zana hon tana zagin hon. Ta koya wa idonta ya kalli abin da aka nuna masa, ya ƙyale sauran. A kwana na tara ta cika talatin kafin waya ta yi ƙara. Direba ya tashi yana rawa da tumbinsa. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

Washegari da safe ta jera kofuna a tire za ta kai baranda. Shida suka hau, na bakwai ya rasa wuri, sai ta riƙe shi a hannu ta tafi. Direba ya kalli tiren, ya kalle ta. Bai yi barkwanci ba, kuma rashin barkwancin ne ya sa ta duba. Ga fili nan a tsakiyar kofunan, da ta ɗan zame biyu da na bakwai ya zauna daram. Tiren nan shekara goma yana ɗaukar bakwai. Ba ta gani ba. Ta ajiye tiren a hankali, ta zauna a bakin matakala.

"Sun ce za su ƙara mini basira," ta ce. "Ga shi suna kwashe wadda nake da ita, kuma da hannuna nake taya su."

"Kwana huɗu ya rage," in ji Direba a hankali. "In kin ce a bari, a bari."

Ta tuna buhu biyar. Ta tuna 'Yar Zif zaune tana kallon keke. Ta ce, "Kawo takardar."

Ranar gwaji ɗakin nan ne dai, da takardar nan, da agogon nan. "Mu je!" Taya, sitiyari, fitila, agogon gudu. Muryar Direba na kira a kunnenta, hannunta na bi. Ta gama da sauran daƙiƙa ashirin. Daƙiƙa ashirin ɗin nan su suka fi komai tsawo, don filaye ashirin masu ƙaho suna kallonta a takarda kamar marayu. Ta ajiye fensir, ta danne hannunta na dama a ƙarƙashin cinya har aka danna agogo.

Talatin cif ta ci. Har ta wuce Ɗan Talla da ɗaya.

Ranar Juma'a aka tsayar da kekuna, aka tara kowa. Mai Agogo ya kunna majigi, sai ga wani jan layi a bango, ya taso daga ƙasa ya miƙe sama kamar tsani, da hoton Inna a gefe.

"Ku dubi wannan baiwar Allah," ya ce. "Mako huɗu da suka wuce ta zo mana da kai a kulle. Ba laifinta ba ne, shekaru ne na yin abu ɗaya. Sifili! Yau ga ta a talatin. In har Mama za ta iya, wa zai ce ba zai iya ba? Wannan shi ne amfanin horo."

Aka tafa. Ya miƙo mata takardar shaida mai zanen zinariya a gefe, an rubuta cewa ita ce ta fi kowa samun cigaba. Inna ta karɓa, ta juyo ta fuskanci jama'a.

"Ku ji da kyau. Abin da na zana a takardar nan ba nawa ba ne. Kayan bas ɗin mijina ne, haddace su na yi kamar aku. Taya ce da sitiyari da murfin tanki. Ranar da na ci sifili, ranar na yi tunani. Ranar da na ci talatin ban yi ko ɗaya ba!"

Wuri ya fashe da dariya. Mai Agogo ya fi kowa ƙyaƙyatawa, yana tafi sama da kansa. "Kun ji ko? Har barkwanci ya buɗe mata! Wannan ma alama ce ta ƙirƙira." Ƙaramin Oga ya share hawayen dariya ya ce, "Inna, teburinki na jiran ki." 'Yar Zif kaɗai ce ba ta yi dariya ba.

Inna ta tsaya da takardar a hannu, ta rasa wanda za ta jefa da ita. Ta faɗi gaskiya a gaban mutum sittin, an tafa mata kamar mai wasan kwaikwayo. Sai yatsunta, da ba su san ana fushi ba, suka murza gefen takardar. Kwali ne mai kauri, mai santsi, ba ya lanƙwasa da wuri. An daɗe ba a sayo irinsa a kamfanin ba.

Ta wuce teburin samfuri, mutane na biye da ita. An bar yadi shimfiɗe da zanen da'irorin Ɗan Talla a jere. Ta kwance almakashinta daga ƙyalle. Ta tsaya tana kallon yadin, amma da farko da'irori kawai ta gani. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta mayar. Ta ƙura ido. Can sai da'irorin suka ja baya, tsakani ya taso, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ƙahonsa huɗu. Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Ta kife takardar shaidar, ta ja layi a bayanta da fensir, ta sa almakashi. Ƙaras, ƙaras.

"Inna! Takardar shaidarki ce fa!" in ji Ƙaramin Oga.

"Na sani. Yau ta samu aikin yi."

Ta fitar da kwali uku daga cikinta, ba ta bar ko bakin zinariyar ba, shi ya zama ma'aunin maɗauri. Ta goge allin Ɗan Talla, ta zame layi na biyu ya shige cikin na farko, ta jera kwalayenta a abin da ya rage. Ta ɗago ta kalle shi. "Jakarka ta yi kyau, ɗana, ba zan taɓa ta ba. Amma ka zo nan ka tsaya ka ga inda kake zubar da rabinta." Sannan ta ɗaga murya. "'Yar Zif! Sa wa kekenki mai, gobe akwai aiki."

Mako na gaba buhu ɗaya ya fita, bai cika ba. Jakar ƙwallo ta shiga kasuwa da 'yar jaka mai ƙaho huɗu a cikinta. Inna na nan a gindin taga har yanzu, kuma tire ya koma ɗaukar kofi bakwai.

Amma fushin bai tafi ba, don Mai Agogo ma na nan. Yana yawo kamfani kamfani da majiginsa, da jan layinsa, da hoton wata mata da ta tashi daga sifili zuwa talatin a mako huɗu. Duk inda ya nuna shi sai an ba shi aiki, sai an raba takarda mai da'ira talatin, sai an manna sunan wani a ƙasan allo da jan biro. Inna ta sani. Wani lokaci tana tsakiyar yanka sai ta tsaya ta ce wa 'Yar Zif, "Ni na ba shi sandar da yake dukan mutane da ita." 'Yar Zif ta ce, "Da kin ƙi, da yanzu muna gida." Daga nan kowacce ta koma kan aikinta.

To kai da ka zauna ka ji, da ke da kika kife waya: in gobe aka ajiye muku takardar nan, aka danna agogo, kuma kun san teburinku na rataye a kanta, taya da sitiyari za ku zana, ko abin da idonku ya gani?